Darasin Da Ke Cikin Buhun Wake

Ƙididdigar da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya fitar ta nuna cewa a watan Yunin 2024 matsakaicin farashin kilo guda na jan wake ya kai kusan naira 2,300, alhali kuwa a watan Yunin 2023 bai wuce kimanin naira 650 ba. Wato a cikin watanni goma sha biyu kacal farashin ya ninka fiye da sau uku. Masu ƙosai da alale a Sabo ta Badun da Agege ta Ikko suka rage girman abin sayarwarsu, magidanta da yawa kuma suka janye wake daga cefanen yau da kullum, duk da cewa shi ne abincin gina jiki da talaka ya dogara da shi a madadin nama. Dalilan wannan tashin gwauron zabo sanannu ne: janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da faɗuwar darajar naira, da rufe kan iyaka da Jamhuriyar Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, da kuma rashin tsaron da ya raba dubban manoma da gonakinsu.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, aljihun wa wannan ƙarin kuɗi ya shiga? Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, tana samar da fiye da tan miliyan 3 a shekara, kuma akasarin masu nomansa ƙananan manoma ne waɗanda gonakinsu ba su wuce hekta 2 ba. Amma a lokacin da farashi ya hau, yawancinsu sun riga sun sayar tun da kaka, sa'ad da kasuwa ta cika ta batse. Ribar ta tafi ga wanda ke da wurin ajiya da kuma jarin jira. Labarin wake, daga shuka har zuwa rumbu, ya isa ya nuna cewa akwai dabaru masu arha da aka riga aka gwada a ƙasar nan, waɗanda za su iya canza wannan lissafi, kuma abin da ya hana su isa ga manomi shi ne inda hukumomi suka zaɓi zuba kuɗin jama'a.

Sanin kowa ne cewa ƙasar nan ba ta taɓa rasa manyan shirye-shiryen noma ba. An yi shirin ciyar da ƙasa na 1976 a zamanin Janar Obasanjo, aka yi juyin juya halin noma na Shugaba Shagari a 1980, aka kafa hukumar DFRRI a 1986. A watan Nuwamban 2015 kuma aka ƙaddamar da shirin ba da rance ga manoma na Babban Bankin Nijeriya a jihar Kebbi, wanda ya lashe fiye da naira tiriliyan ɗaya, har ta kai ga an yi taƙaddama tsakanin bankin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a kan yawan bashin da aka biya. A watan Yunin 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da motocin noma 2,000 da aka sayo daga ƙasar Belarus. Dukkan waɗannan suna da kamanni guda: kuɗi mai yawa, kaya masu nauyi, da bikin ƙaddamarwa.

Shi kuwa ƙaramin manomi, ma'auninsa daban ne. Idan aka kawo masa sabuwar dabara, tambayoyi uku yake yi, ko da bai furta su ba. Nawa zai kashe kafin ya ga amfani? Idan damina ta ƙi, me zai yi asara? Idan abin ya lalace, akwai mai gyara ko mai sayarwa a kasuwar ƙauyensu? Mutumin da abincin iyalinsa na shekara ke rataye a kan kadada biyu ba shi da halin yin caca da su. Duk fasahar da ta kasa amsa waɗannan tambayoyi za ta tsaya a harabar ma'aikata, komai kyanta.

A fara da ƙasa, domin ita ce jarin farko. Wake yana da 'yan ƙullutai a jikin saiwarsa, inda wasu ƙananan halittu ke zaune suna zuƙo sinadarin naitirojin daga iska, wato sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a cikin buhun yuriya. Saboda haka wake ba ya bukatar yuriya mai yawa. Abin da ya fi so shi ne takin supa, ɗan kaɗan a lokacin shuka. Gonar da aka noma wake a bana takan fi karɓar dawa ko masara baɗi. Harawarsa kuma tana ciyar da tumaki da awaki da rani, su kuma su mayar wa gonar da taki. A shekarun da farashin takin zamani ke bin farashin dala, wannan zagaye na wake da dabba da taki shi ne hanya mafi arha ta riƙe ƙarfin ƙasa.

Matsalar ita ce yadda aka saba shuka shi. A gargajiyance akan yafa wake jefi-jefi a ƙarƙashin gero ko dawa, inuwa ta danne shi, amfanin da ake samu a hekta bai wuce 'yan ɗaruruwan kilo ba. A shekarun 1990 masu bincike na tashar cibiyar IITA da ke Kano, ƙarƙashin jagorancin masanin irin wake B. B. Singh, suka gwada wani tsari tare da manoman ƙauyukan Kano: kunya biyu na dawa, kunya huɗu na wake, haka har ƙarshen gona. Da wannan tsari rana tana isa ga waken, taki yana zuwa inda ake bukatarsa, feshi kuma yana tsayawa a kan kunyoyin wake kaɗai maimakon a watsa shi a gona baki ɗaya. Babu injin da ake saye, babu man da ake ƙonawa. Iyakar abin da ya canza shi ne jerin kunyoyi, kuma manomi bai rabu da dawar tuwonsa ba.

Sai batun iri. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tare da IITA, sun fitar da jerin ire-iren wake da ake kira SAMPEA. Daga cikinsu akwai SAMPEA 10, wanda aka fitar a 2008, mai jure wa wuta-wuta, wannan ciyawa da wasu ke kira ƙuduji, wadda ke maƙale wa saiwa ta tsotse shuka tun ba ta fito fili ba. Akwai kuma ire-iren da ke nuna cikin wata biyu zuwa biyu da rabi, abin da ke da muhimmanci a yankunan da ruwa kan ɗauke da wuri. Yadda iri mai kyau ke yaɗuwa da kansa ya bayyana a Bunkure ta jihar Kano, inda manomi guda ya fara gwada wani irin wake na noman rani a farkon shekarun 1990, kuma a cikin shekara huɗu manoma fiye da 1,500 suka karɓe shi, yawancinsu daga hannun maƙwabta da 'yan'uwa.  Mutane sun ga wake da harawa a lokacin da babu su a kasuwa, suka nema.

Babban abokin gabar wake a gona shi ne tsutsar nan mai huda fure da kwanso, wadda a shekara mai tsanani takan cinye mafi yawan amfanin gona. Domin ita manoma kan yi feshi sau shida har zuwa takwas a damina guda, sau da yawa ba tare da abin rufe hanci ko safar hannu ba. A watan Disamban 2019 aka fitar da SAMPEA 20-T, wanda masanan Samaru ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku suka samar ta hanyar sanya wa SAMPEA 10 wata ƙwayar halitta mai kashe wannan tsutsa, ta yadda feshi zai ragu zuwa sau biyu. Wannan iri ya jawo muhawara, kamar sauran ire-iren da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma masu adawa da shi suna da haƙƙin neman a bayyana sakamakon gwaje-gwaje a fili, a kuma rubuta wa mai saye abin da yake saye. Sai dai duk mai auna wannan batu da adalci tilas ya ɗora gubar feshi takwas a ɗaya gefen sikelin, domin ita ma tana shiga jikin manomi da ruwan shansa.

To, amma inda asarar ta fi ciwo shi ne bayan girbi, lokacin da an riga an kashe kuɗi da ƙarfi. Ƙwaron wake yana biyo amfanin ne tun daga gona. Yana yin ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsarsa ta shige ciki ta ci, cikin kusan wata guda ta fito ta sake haihuwa. Buhun da aka ɗinke da kaka ba tare da kariya ba, kafin bazara ya zama huji da gari. Mai saye kuwa, da zarar ya ga huji a mudu, zai karya farashi. Wannan tsoro ne ke kora manomi kasuwa a watan Nuwamba da Disamba, ya sayar da arha, sa'an nan ya dawo da damina ya auni wake da tsada, wani lokaci ma har irin shuka.

Su kuma 'yan kasuwar da ke tara wake a manyan kasuwanni suka koma ga guba. Akwai ƙwayar da ake kira bom, wadda ake jefawa a cikin buhu, akwai kuma ruwan maganin ƙwari irin na fiya-fiya, mai ɗauke da sinadarin dichlorvos, wanda ba a yi shi domin a zuba a jikin abinci ba. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan an sha samun wannan sinadari a cikinsa; iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, amma an sami har miligiram 4.6. Daga baya aka tsawaita dakatarwar. Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a nan karin maganar ya tabbata yadda yake: aikin wasu 'yan tsiraru ya rufe wa ƙasa baki ɗaya kasuwa. A watan Nuwamban 2018 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta gargaɗi jama'a a kan waken da aka zuba wa irin wannan magani. Waken da Turawa suka ƙi, 'yan ƙasa ne ke cinsa.

Abin takaici shi ne maganin wannan matsala ya girmi takunkumin da shekaru masu yawa. Tun a ƙarshen shekarun 1980 masanin ƙwari Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Kamaru da ke Marwa suka gwada ajiye wake a cikin leda mai hawa uku. Daga nan aka samo buhun da ake kira PICS: ledoji biyu masu kauri, ɗaya a cikin ɗaya, da buhun saƙa a waje domin ƙarfi. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta daban. Ƙwarin da ke ciki su da kansu ke shanye 'yar iskar da ta rage. Idan ta ƙare sai su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. Babu guba ko ɗigo. Buhun yakan yi shekara biyu ko uku idan an kula da shi. Sharuɗɗansa ba su da yawa: wake ya bushe sarai kafin a zuba, a tabbatar ledar ba ta da huji, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba.

Ga wanda bai sami buhun ba, akwai wasu hanyoyin da aka gwada a wannan bincike. Ana iya shimfiɗa baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa, a baza wake, a lulluɓe da leda mai shara-shara, a naɗe gefuna, a bar shi awa biyu a tsakar rana. Zafin da ke taruwa a ciki ya isa ya kashe ƙwaron da tsutsarsa da ƙwansa. Akwai kuma tsohuwar dabarar cuɗa wake da tankaɗaɗɗen toka daidai wa daida, wadda ta dace da ajiye irin shuka, da kuma amfani da durom ko jarka mai murfin da iska ba ta shiga.

Lissafin a fili yake. A ɗauka, domin misali kawai, manomi ya girbe buhu 10, ana sayar da kowane naira 60,000 da kaka, farashin kuma ya kai naira 80,000 a farkon damina. Bambancin naira 200,000 ne. Ko da an ƙaddara kowane buhun ajiya naira 3,000, abin da ya kashe naira 30,000 ne, a kan kayan da zai sake amfani da su baɗi. Gaskiya ne ba kowace shekara farashi ke hawa ba. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, masu ɓoye kaya da yawa suka tafka asara. Amma ko a irin wannan shekara, magidancin da ya ajiye abincin gidansa da irin shukarsa lafiya lau bai yi asarar komai ba.

Yadda wannan buhu ya yaɗu ma darasi ne. Shirin da aka fara a 2007 da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates ya kai gwaji ƙauyuka fiye da 30,000 a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Nijar. Malamin gona kan je ƙauye da kaka, 'yan sa kai su kawo wakensu a ɗaure a gaban jama'a, bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a buɗe buhun kowa na kallo. Gani ya kori ji. An yi amfani da rediyo, an kuma ɗauki gajeren bidiyo da Hausa wanda mutane suka riƙa tura wa juna ta wayar salula. Haka kuma an haɗa kai da masana'anta a Kano da 'yan kasuwa, domin buhun ya zama haja ta saye da sayarwa wadda ba za ta ɓace da ƙarewar shirin ba. Rediyo da waya sun isar da labari, amma wanda ya sa aka gaskata shi ne mutumin da ya tsaya a dandali ya ɗaure buhu da hannunsa.

A nan ne giɓin yake. Shirye-shiryen raya aikin gona da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, waɗanda daga baya suka game jihohi, su ne suka horar da rundunar malaman gona. Tun da tallafin Bankin Duniya ya ƙare a shekarun 1990, hukumomin suka shiga halin ni-'yasu. Tsofaffin ma'aikata suna ritaya ba a maye gurbinsu, kuma a jihohi da yawa malami guda ne ke da alhakin dubban iyalai, ba babur, ba kuɗin mai. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga aikin gona, amma kason Gwamnatin Tarayya bai taɓa kaiwa wannan mizani ba, ɗan abin da ake warewa kuma sayen kaya ke cinye mafi yawansa.

Har ila yau, buhu kaɗai ba ya isa. Manomin da ya ci bashin ba-da-kaka da damina, ko wanda kuɗin makaranta da na asibiti ke jiransa, tilas ya sayar ko da yana da wurin ajiya. A Jamhuriyar Nijar an samo wa wannan mafita tun a ƙarshen shekarun 1990, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar manoma kan tara amfanin gonarta a ɗakin ajiya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun ƙaramin bankin da ke ba da rance. Bankin ya ba su wani kaso na darajar kayan, su biya bukatunsu, su yi sana'ar rani. Idan farashi ya tashi a sayar, a biya bashi, saura ya koma ga mai kaya. Jinginar tana nan a kulle kowa na ganinta, saboda haka hatsarin ƙin biya ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da rancen da ake rabawa kafin shuka. Al'ummar da ta saba da adashi da gayya ba za ta sha wahalar fahimtar wannan tsari ba.

Za a iya cewa ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ba za ta ciyu da fartanya da leda ba, kuma akwai gaskiya a cikin wannan magana. Motar noma tana da muhallinta, musamman inda aka shirya haya ta gaskiya da makanikai da kayan gyara. Haka nan babu dabarar da za ta amfani manomin Zamfara ko Barno da ba ya iya zuwa gonarsa. Tsaro shi ne gaba da komai. Amma mota tana ƙara faɗin abin da ake nomawa ne kawai. Ba ta hana wuta-wuta, ba ta hana tsutsa, ba ta hana ƙwaro cinye abin da aka girbe. Kowane buhun da aka tsirar a rumbu an riga an biya kuɗin huɗarsa da takinsa da feshinsa, don haka shi ne buhu mafi arha da ƙasa za ta iya ƙarawa a kan abincinta.

Bisa ga wannan, akwai matakan da ya kamata hukumomi su ɗauka. Jihohi su ɗauki sababbin malaman gona, har da mata, domin a gidaje da yawa mata ne ke kula da ajiya da sarrafa wake, a kuma ba su abin hawa da kuɗin aiki a kan kari. Hukumar kula da ingancin iri ta tsananta sa ido a kan masu sayar da hatsin kasuwa da sunan ingantaccen iri, hukumar kula da ingancin kayayyaki kuma ta bi sawun jabun buhunan ajiya masu siririyar leda, domin manomin da aka cuta sau ɗaya ba zai sake yarda ba. Bankin Manoma da ƙananan bankuna su karkata wani kaso na rancensu zuwa lokacin kaka, a kan jinginar amfanin gona. Shugabannin manyan kasuwanni irin su Dawanau a Kano da Bodija a Badun da Mile 12 a Ikko su keɓe wa waken da ba a sa wa guba ba matsayi da farashinsa, yadda mai ajiya ta gaskiya zai ga ladan wahalarsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke bukatar jirgin ruwa ko canjin kuɗin waje mai yawa. Irin yana Samaru, buhun ana yinsa a cikin gida, tsarin rancen kuma an gwada shi a maƙwabta. Abin da ya rage shi ne masu tsara kasafin kuɗi su auna nasarar shirin noma da ma'aunin da ya dace, wato yawan waken da ke rumbun manomi a watan Yuni, lokacin da yara ke jin yunwa kuma farashi ke sama.